Auta da Tubalan Rumbu

Akwai rowar da ta fi rowar abinci muni, ita ce rowar aiki. Mutum ya ƙulle abin da aka ba shi amana ta yadda babu mai iya kwance shi sai shi, don kullum a dinga binsa ana lallashi. Ita ce ta kama Auta, ita ce kuma ta kayar da shi warwas a gaban jama'a ranar da wani dilan magunguna da ake ce wa Mai Magani ya buɗe sabon reshe.

Da safiyar ranar yana cusa kwamfutarsa cikin jaka, yana sauri kamar wanda mota za ta bari, sai yayarsa ta miƙo hannu daga bayan teburinta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Auta, kawo in duba kafin ka fita."

"A ofis sunana Injiniya."

"A ofis ɗin ma ni na goya ka. Kawo."

Bai kawo ba. Ya ja zif ɗin jakar da ƙarfi har ya cije, ya tsaya yana kokawa da shi yana hura hanci.

Ofishin na kawunsu ne, ɗakuna biyu a saman wani shagon ɗinki, da fanka mai kuka da taga ɗaya da ba ta rufuwa. Sana'arsu haɗa wa 'yan kasuwa manhaja, wato abin nan na cikin kwamfuta da ya san kayan da suka shigo sito, da waɗanda aka sayar, da farashin kowanne, da ma'aikacin da ya sayar. Ba sa fara gini daga tushe duk lokacin da sabon ɗan kasuwa ya zo. Suna da wata ma'ajiya da Kawu ya raɗa wa suna rumbu, a cikinta akwai guntayen manhaja da aka riga aka ƙera aka gwada, su kuma ana ce musu tubala. Ga tubalin sito, ga na rasit, ga na farashi, ga na ma'aikata. Mai fenti ya zo, a ɗauko waɗanda suka dace da shi a jera masa. Mai gidan burodi ya zo, a ɗauko waɗannan dai, a cire ɗaya a ƙara ɗaya. Kowane tubali da bakinsa inda yake kama ɗan'uwansa, ana iya zare shi a sa wani, ginin bai ko motsa ba.

Doka ɗaya Kawu ya kafa, ba ya kuma gajiya da maimaita ta. Ba a sassaƙa tubali a gidan mai kaya. In ya yi tsaga, a dawo rumbu a gyara shi a nan, gyaran ya bi waya ya isa wa duk mai amfani da shi. In ka ƙera sabo, ka kawo rumbu da sunanka a jikinsa, kowa ya samu. Yaya ce ke riƙe da rumbun, kuma ba ta da sauƙi a kansa ko kaɗan.

"Na lura da wani abu," in ji ta, yanzu kam ta ɗago. "Duk manhajar da muka haɗa wa mutane tana zuwa rumbu ta ɗauki gyara. Ta Mai Fenti tana zuwa, ta gidan burodi tana zuwa. Ta Mai Magani kaɗai ce ban ƙara jin motsinta ba tun da aka danƙa maka shi. Yanke ta ka yi?"

"Aikina ne."

"Ban ce na maƙwabci ba ne. Yau mutumin nan zai koma shago biyu. Tubalin sito na rumbu ya daɗe da sanin rassa, tun lokacin da Mai Fenti ya buɗe nasa na koya masa. Naka ya sani?"

"Nawa ya san abin da naki bai sani ba."

"Auta."

"Ke dai kin iya gadin rumbu, shi ke nan. Jera tubali ai ko ɗan koyo ya iya. Mu masu ƙira ne."

Yaya ta dube shi tun daga aski har takalmi, ta ja dogon tsaki.

"Je ka, mai ƙira. In ta ruguje kada ka kira ni."

"Ko a mafarki."

Ya buga ƙofa ya sauka bene.

Gaskiyar magana kuwa, yanke ta ya yi. Auta ya daɗe yana jin zafin abu ɗaya: duk aikin da ya fita sai a ce aikin ofishin Kawu ya yi kyau, ba a taɓa cewa aikin Auta. Sunan da ke jikin tubali can cikin rumbu, wa ke ganinsa? Da aka danƙa masa Mai Magani, babban dilan magunguna da ya fi kowa ciniki cikin masu hulɗa da ofishin, sai ya ga dama ta samu. Ya kwafo tubalan daga rumbu, ya toshe hanyar da gyara ke bi, ya zauna ya sassaƙe su ɗaya bayan ɗaya. Ya goge bakunan da suke kama juna, ya narka na rasit cikin na sito, ya ɗaure na ma'aikata a ƙugun na farashi, har suka zama dunƙule guda. Sunayen abubuwan da ke ciki ma ya sauya su da wasu baƙaƙe da shi kaɗai ya san abin da suke nufi. Ya kuma ƙera wani tubali na kansa, mai kyau kuwa, don ba a raina hannunsa: in magani ya kusa lalacewa, sai layinsa ya koma ja a fuskar kwamfuta. Mai Magani ya yi ta sa masa albarka a kan wannan. Auta bai kai shi rumbu ba. Ya cusa shi tsakiyar dunƙulen ya liƙe.

Shirinsa shi ne, da zarar an buɗe sabon reshen lafiya, zai hau bene ya ce wa Kawu ya gode, ya kama gabansa. Mai Magani dole ya bi shi, tunda babu mai iya taɓa manhajarsa sai shi. Har allon shago ya ba da an rubuta masa, da INJINIYA ɓaro-ɓaro da jan fenti, yana jingine a bayan ƙofar ɗakinsa an rufa masa buhu.

A cikin bas ya rungume jakar a ƙirji, wani mai ɗauke da rodin labule yana ta zungurar masa kunne a duk kwana. Abu ɗaya ne ke ɗan sukarsa a rai, shi ne tambayar Yaya. Tubalinsa na sito shago ɗaya ya sani, don ya kwafo shi tun kafin a koya wa na rumbu rassa. Ya gwada koya masa na biyu, ya ga abin zai ci lokaci, sai ya yi dabara. Ya haɗa kayan shagunan biyu wuri guda kamar a ɗaki ɗaya suke, ya zuba wa kowace kwamfuta jimlar duka, a kan cewa da yamma in an tashi su gaya wa juna abin da suka sayar. Ai kowane mai sito yana da ido, in ji shi a ransa, zai ga abin da ke kan kantarsa. In hayaniyar buɗewa ta wuce sai a gyara a tsanake.

Sabon reshen yana can ɗaya gefen gari, kusa da wani babban asibiti. Warin fenti bai gama fita ba, ko ledar kujeru ba a ɓare ba. Mai Magani, gajeren mutum mai ƙatuwar murya, ya tare shi tun daga ƙofa, ya kama hannunsa ya ɗaga wa baƙi.

"Ga Injiniyana! Yaron nan kansa na ja. In magani ya kusa mutuwa, kwamfuta ce ke fara yi masa kuka."

Aka yi dariya. Auta ya sunkuyar da kai irin na wanda yake so a ƙara.

A bayan kanta akwai Kashiya, wata mata mai tabarau da aka ɗauko daga tsohon shagon saboda ta fi kowa saurin hannu. Ta kuma fi kowa kaifin baki. Ita ba ta yi dariyar ba.

"Injiniya, kwamfutar nan tana nuna mini kayan da ban gani da idona ba."

"Ke dai danna abin da aka koya miki."

"To. Ni dai na faɗa."

Ciniki ya fara lafiya. Mai neman maganin tari, mai neman bandeji, kowa ya biya rasit ya fito, Auta yana kai da kawo hannu a aljihu yana amsa gaisuwa. Wajen hantsi sai ga motar asibiti ta tsaya a ƙofa, wata ma'aikaciyar jinya cikin fararen kaya ta shigo da sauri. Ledojin ƙarin ruwa take so, katan-katan, yanzu-yanzu, don nasu ya ƙare kuma ga marasa lafiya can a kwance suna jira. Kashiya ta danna, kwamfuta ta ce akwai har da saura. Aka biya, rasit ya fito. Mai sito ya shiga ciki, ya daɗe ana jin yana jan kwalaye, ya fito hannu rabbana.

"Maigida, babu ko leda ɗaya. Ba a kawo mana ƙarin ruwa nan ba, yana tsohon shago."

Mai Magani ya yi murmushin yaƙe, ya ce ba komai, yanzu za a aika a ɗauko. Ya kira tsohon shagon. Tun kafin ya sauke wayar kowa ya ga fuskarsa ta sauya. A can sun sayar wa wani dillali duka tun da safe, an loda an tafi, kwamfutar nan kuwa ba za ta ji labari ba sai yamma.

Ma'aikaciyar jinyar ta ɗaga rasit ɗin sama yadda kowa zai gani.

"Kun sayar mini da abin da ba ku da shi? Shagon magani ne nan ko wurin wasan yara? In koma in ce wa mai gudawa ya sha takarda?"

"Yi haƙuri, baiwar Allah..." in ji Mai Magani.

"Haƙurin ka kai wa wanda ke kwance."

Mai Magani ya juyo a hankali.

"Injiniya."

"Ƙaramin abu ne, Yallaɓai. Yanzun nan."

Amma asibiti ba ya jiran yanzun nan. Dole Mai Magani ya fita da ƙafarsa, a ranar buɗe shagonsa, baƙinsa na kallo, ya tsallaka titi zuwa wurin wani dila abokin hamayyarsa da suka daɗe ko gaisawa ba sa yi, ya je ya roƙa a sayar masa da ƙarin ruwa ya cika alkawari.

Auta ya ɗora kwamfutarsa a kan wani katan ya durƙusa a gabanta. Abin da ake bukata a fili yake, a koya wa tubalin sito cewa shaguna biyu ne. Da tubali ne mai zaman kansa, da zare shi kawai za a yi a sa wani. To amma ina tubalin? Ya narke cikin 'yan'uwansa. Ya taɓa wani wuri, ya tura gyaran, ya ce a gwada. Na'urar rasit ta yi wata ƙara ta fara amayo takarda, doguwa har ƙasa, kowane magani babu farashi a gabansa. Ya koma ya dafe wancan. Sai kwamfutar Kashiya ta kore ta, ta ce ba ta san ta ba.

"Yau kuma ni ce baƙuwa," in ji Kashiya, ta naɗe hannuwa. "Injiniya, gabatar da ni mana."

"Ki yi mini shiru, ina tunani."

"Au, sai yanzu ka fara?"

Layi ya kai bakin ƙofa ya lanƙwasa waje. Masu guna-guni na yi, masu juyawa su tsallaka titi na yi. Wayar shago ta yi ƙara, mai sito ya ɗauka, ya saurara, ya ce tsohon shagon ne, a can ma komai ya tsaya cak, don gyaran da aka tura ya isa musu. Shago ɗaya ne ya tashi da ciwo, yanzu biyu ne a kwance.

Auta ya ci gaba da tono. Can ya ci karo da wasu baƙaƙe da ya rubuta da hannunsa, ya zura musu ido, ya rasa ko na farashi ne ko na ragin da ake yi wa 'yan sari. Ya sauya su ne don kada Yaya ta gane, ga shi yau sun ƙi gane shi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya waiga hagu ya waiga dama kamar ɓarawon kaza, ya shiga rumbu da lambarsa ta sirri, ya jawo tubalin sito na Yaya, wanda ya san rassa. Ya sauko masa lafiya lau, tsaf da shi. Ya kai zai sa, ya ƙi zama. Bakunansa suna neman bakunan 'yan'uwansa, shi kuwa ya riga ya goge su da hannunsa. Ya juya shi ta nan, ya matsa shi ta can, kamar mai son rufe kwalba da murfin tukunya.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Yaya ce, don rumbu ba ya ɓoye mata wanda ya shiga. Ya kashe. Ta sake kira, ya sake kashewa, ya kife wayar a kan katan.

Mai Magani ya dawo hula a hannu, ya sallami motar asibiti da ban haƙuri, ya tsaya a kan Auta yana haki.

"Ina aka kwana?"

"Saura kaɗan, Yallaɓai."

"Tun ɗazu saura kaɗan." Ya zaro wayarsa yana neman lambar Kawu.

Auta ya miƙe zumbur. "Yallaɓai, kada ka kira su. Wallahi ba za su iya ba, babu wanda ya san manhajar nan sai ni."

"Kai ɗin ka san ta?"

Bayan azahar tasi ta sauke su. Kawu, dogon dattijo mai sanda wanda magana ke yi wa tsada, da Yaya a bayansa rataye da tata jakar. Mai Magani ko gaisuwa bai bari an gama ba.

"Ku kuka turo mini wannan? Ko da yake ba laifinku ba ne, ni ne sakarai. Ya ce mini ku kun tsufa, hannunku ya yi sanyi, shi zai buɗe nasa ofishin in bi shi. Har na ce to!"

Kawu ya juya ya dubi ɗan ƙanwarsa.

"Haka ne?"

"Kawu, ba yadda ya faɗa..."

"Tambaya ɗaya na yi."

Auta ya dubi ƙasa.

"To, madalla," in ji Kawu. Ya ja kujera mai leda ya zauna, ya ɗora hannuwa biyu a kan sanda.

Yaya ta ture ƙanenta da gwiwar hannu. "Matsa." Ta sunkuya a kan kwamfutarsa tana gangarawa ƙasa, tana yi fuskarta na ƙara ɗaurewa.

"Inna lillahi. Auta, me na yi maka a duniya? Wannan tubalina ne na rasit? Ina bakinsa?"

"Inganta shi na yi."

"Inganta shi ka yi. Ka kama lafiyayyen abu ka kakkarya masa gaɓoɓi, ka kwaɓa shi da na sito kamar ƙasar gini, ka ce ka inganta. Wannan kuma mene ne? Sunan aljani ne ko na farashi?"

Ya leƙa fuskar kwamfutar, ya kawar da kai.

"Ba ka sani ba. Kai ma ba ka sani ba!" Ta yi wata dariya marar daɗi, ta juya wajen Mai Magani. "Yallaɓai, wannan ba ya gyaruwa, kada in yaudare ka. Sabo zan jera maka daga rumbu. In Allah Ya yarda yau ɗin nan za ka sayar."

Ta buɗe tata kwamfutar a kan kanta. Ta ɗauko tubalin sito ta gaya masa shaguna biyu ne, ya amsa. Ta kawo na farashi ta kama masa baki, ta kawo na rasit, ta kawo na ma'aikata, Kashiya ta sa sabuwar lamba aka ce mata sannu da zuwa. Babu wani abin mamaki a ciki, aikin da suke yi kullum ne a ofis, wanda Auta ya ce ko ɗan koyo ya iya.

"Abu ɗaya ya rage," in ji Yaya, ba ta dube shi ba. "Yawan kayan da farashinsu suna cikin dunƙulenka, ka kulle su da lambarka. Buɗe ka fitar mini da su."

A nan aka buɗe masa ƙofa ta ƙarshe. Mai hankali da sai ya danna lambar, ya ba da haƙuri, ya ɗauki kunyarsa ya koma gida, gobe a yi masa faɗa a wuce wurin. Amma rowar ta riga ta kai masa ƙashi. Ya ga har yanzu akwai abu ɗaya a hannunsa da ake nema, sai ya ji ƙarfi ya dawo masa. Ya sa hannu ya rufe kwamfutarsa.

"Zan buɗe. Amma da sharaɗi. Aikin Yallaɓai ya zauna a hannuna, kuma sunana ne zai dinga fitowa a fuskar manhajar."

Kashiya ta tafa hannu. "Ikon Allah! Shago biyu a rufe, shi ciniki ma yake yi."

Yaya ta miƙe tsaye, idonta ya kaɗa. "Maimaita in ji."

Kawu ya ɗan buga sanda a ƙasa. "Bar shi, 'yata." Ya dubi Mai Magani. "Ma'aikatanka suna da hannu? Suna da ido?"

"Suna da su."

"To a ƙirga kayan a kan kanta, nan da can."

"Dama wa zai sake yarda da ƙirgen kwamfutarsa?" in ji Mai Magani. "Farashi kuma takardun sari suna nan, ba zai gagara ba." Ya ɗaga murya. "Ku saukar da ƙofa rabi! Kowa ya kama layin kanta ɗaya. A kira tsohon shago su ma su fara."

Shi ke nan. Babu wanda ya ƙara ce wa Auta uffan. Ba a ce ya zauna ba, ba a ce ya fita ba. Ya tsaya a tsakiyar shago rungume da kwamfutarsa, ma'aikata suna ratsa shi ta hagu da dama, wannan na kiran sunan magani, wancan na amsawa, Yaya da Kashiya suna shigarwa. Ya yi ta jiran a gaji a dawo a roƙe shi. Aiki ne mai wahala kuwa, an sha ƙura an sha sunkuyo, Mai Magani da kansa ya tuɓe babbar riga ya hau tsani. Amma ba a dawo ba. Mai sito ne kawai ya zo ya tsaya a gabansa.

"Malam, ɗaga ƙafa, katan ɗin nan nake so."

La'asar ta yi sanyi sannan aka ɗaga ƙofa. Na'urar rasit ta fitar da takarda gajeriya mai farashi. A fuskar kwamfuta kowane magani da gida biyu, abin da ke nan da abin da ke can, in an sayar a ɗaya nan take ɗayan ya ji. Kashiya ta gyara tabarau ta yi ta dubawa, can ta ɗago.

"Yaya, jan layin nan fa? Na maganin da ya kusa lalacewa. Shi kam yana da amfani, ban gan shi ba."

"Ba ya rumbu. Wanda ya ƙera shi bai kawo ba." Sai a lokacin ta waiwayi ƙanenta. "Zai zaru?"

Auta ya san amsar. Da hannunsa ya liƙe shi, ya kuma tabbatar ba zai zaru ba. Ya girgiza kai.

"Na sani," in ji Yaya. "Aiki ne mai kyau, wawa. Da ka kawo shi, da yanzu yana gidan burodi da duk inda kaya ke lalacewa, da sunanka a jikinsa. Zan ƙera wani."

Kawu ya miƙe yana dogara sanda.

"'Yata, rufe masa rumbu."

Ta zaro waya, ta danna a gaban idonsa, ta mayar jaka.

"Kawu, don Allah..."

"Ka ce tafiya za ka yi. Na hutar da kai hawa bene. Kofinka da cajarka za a aiko maka gida. Uwarku kuma ni zan gaya mata da bakina, kada ka riga ni ka ƙara mata gishiri."

Auta ya juya wajen Mai Magani. Mutumin yana can yana mayar da riga, yana gaya wa wani baƙo cewa ai yarinyar nan kanta na ja. Auta ya bi Yaya har bakin tasi.

"Yaya."

Ta shiga ta ja ƙofa, ta ɗan sauke gilashi.

"Ka ce ko a mafarki."

Motar ta tashi ta bar shi a bakin titi.

Ga abin da Auta ya rasa tsakanin hantsi da faɗuwar rana. Ya rasa Mai Magani, wanda dominsa ya yi duk ƙulle-ƙullen nan. Ya rasa kujerarsa a ƙarƙashin fanka mai kuka, da lambar shiga rumbu. Ya rasa tubali ɗaya mai kyau da ya ƙera da basirarsa, ya mutu a cikin dunƙule, wata za ta sake ƙera shi da nata sunan. Ya rasa yardar kawunsa, ya rasa yayar da ta goya shi, wadda daga ranar ko tsaki ta daina yi masa. Sunan Injiniya ma bai biyo shi gida ba, ya tarar da shi inda ya bar shi, a bayan ƙofa, a ƙarƙashin buhu.

Ya zauna a bakin gado ya buɗe kwamfutarsa. Manhajar tana nan yadda ya ƙulle ta, babu shagon da ke amfani da ita, tana neman lambar sirri. Duk duniya kuwa babu mai iya buɗe ta sai shi.